Littafin Malam Nu'uman

"Kai, Malam Nu'uman ya yi kyakkyawan ƙarshe," in ji Inno Kulu, tana turo mini farantin waina. "An ce da hannunsa ya ƙone littafin aljanun nan kafin ya cika. Ya tuba, Malama. Allah ya sa mu dace irin haka."

Matan da ke zaune a tsakar gidan makokin suka amsa da amin. Ni ban amsa ba. Na dubi Madina, matar mamacin, ta sunkuyar da kai cikin hijabi tana jan carbi.

"Da wane hannun?" na ce.

"Mi kika ce?"

"Na daman ya shanye. Na hagun ko cokali sai an tallafa masa. Da wanne ya kyasta ashana?"

Inno Kulu ta taɓe baki. "Ke dai boko ya hana ki jin daɗin labari."

Ta faɗi gaskiya. Na tsufa ina koyarwa a makarantar 'yan mata, kuma duk wanda ya ce mini "an ce", sai na tambaye shi wa ya ce.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Nu'uman a Ƙofar Guga. Aikin haƙa rijiyoyi ya yi wa gwamnati har ya yi ritaya. Ba marubuci ba ne, ko jarida ban taɓa ganin ya karanta ta ƙare ba. Sai ga shi wata rana bayan la'asar ya yi sallama a zaurena, da takardu cikin ledar shinkafa, yana sosa ƙeya kamar ɗalibin da ya makara.

"Malama, wani shirme na rubuta. Ki duba mini, amma don Allah kada ki gaya wa kowa."

Shirmen ne kuwa. Labarin wani birni ne a ƙarƙashin tsohuwar rijiya, inda mutane ke sayar da inuwarsu su sayi ruwa, da wata yarinya Suwaiba da ta sauka ta karɓo inuwar mahaifinta. Babu waƙafi, babu aya, kuma kowa a cikin labarin, har wani dodo da ke birnin, in ya buɗe baki sai ya yi wa'azi. Amma inda yarinyar ke sauka cikin rijiyar, da yadda sanyi ke fara kama ƙafa kafin ya kai ƙirji, da yadda bakin rijiyar ke komawa kamar kwabo a sama, wannan sai da na ajiye jan birona na karanta kawai.

Shekaru muka yi muna fama. Ya kawo, in zane, ya tafi da fushi, ya sake rubutawa, ya dawo. Dodon nasa ma da farko Garba ya sa masa.

"Nu'uman, wa zai ji tsoron dodo mai suna Garba? Mai kayan miyanmu Garba ne."

"To ai shi ma abin tsoro ne in ya faɗi kuɗin tumatir."

Ranar ina ɓarar gyaɗa, muka yi ta harhaɗa sunaye muna dariya, har na ce Zarwaje. Ya tafa hannu, ya rubuta a tafinsa don kada ya manta.

Babin ƙarshe ne ya fi ba mu wahala. Shi yana son Suwaiba ta farka a ce duk mafarki ne, ni na ce in ya yi haka kada ya ƙara tako zaurena. Ya yi wata da watanni yana juya shi. Rannan ya ɗago murya ta kan katanga. "Malama, na gama! Ba mafarki. Juma'a zan kawo miki."

Kafin Juma'ar ya faɗi a bakin famfo. Hawan jini gare shi, ya kuma daɗe da daina shan magani, wai yana sa shi barci in ya zauna rubutu. Asibiti suka yi abin da za su yi suka sallamo shi, ɓari ɗaya a mace, baki a karkace, ba magana. Na roƙi Madina ta ba ni littafin in adana. Ta ce ba ya yarda a raba shi da shi, a ƙarƙashin matashinsa yake. Da na sake tambaya daga baya, ta ce ta kulle shi a akwati, in kwantar da hankalina. A lokacin ne ya daina dubana in na shiga gaishe shi, sai ya mai da fuska bango. Na ɗauka ciwon ne.

Saboda haka da mazan ƙofar gida suka ragu, na sa aka kira mini ƙanensa, Alhaji Haruna, zuwa zaure. Muka gaisa, na yi masa ta'aziyya, ya tambayi ƙafata, na tambayi iyalinsa.

"Alhaji, kana wurin aka ƙone littafin?"

"Ina wurin."

"Shi ya ce a ƙone?"

"Ya nuna."

"Da mi ya nuna?"

"Malama, mutum in shina son abu ai ana ganewa." Ya gyara babbar rigarsa. "Kuma ke malama ce, amma ba komai kika sani ba. Mai ruƙiyyar da na kawo, yana buɗe takardun nan ya ga sunan. Ya ce ya san shi, babban aljani ne, a rijiyoyi yake zama. Ya ce yawan rubuta sunan ne ya kira shi, shi ya buge Yaya."

"Wane suna?"

Ya yi a'uziyya, ya rage murya. "Zarwaje."

"Ni na ƙirƙiro sunan nan, Haruna. A zaurena, ina ɓarar gyaɗa."

Ya dube ni da tausayi. "To ki nemi tsari, Malama. Ta bakinki ya biyo."

Na bar shi. Na jira har 'yan zaman makoki suka watse, gidan ya koma sai Madina da takabarta. Na same ta da hantsi a ɗakinsa, ta naɗe katifar ta jingine da bango. Na zauna a kan kujerar da yake rubutu.

"Madina, akwatin da kika ce mini fa?"

Ba ta ɗago ba.

"Ba faɗa na zo yi ba. Babin ƙarshe nake so in gani. Ko shafi ɗaya ne ya rage, ki ba ni."

"Babu, Malama."

"Ranar da kika ce mini yana akwati?"

"An riga an yi." Ta goge ido da gefen hijabi. "Sun ce in aka ƙone zai tashi. Sun ce sai a gabansa, don abin ya gani ya sake shi. Ni so nake ya tashi, Malama. Ko da bai ƙara magana ba, ya dai zauna ya ci tuwo da hannunsa. In ke ce mi za ki yi?"

"Da na tsallaka katanga na tambaya."

"Da kin hana."

"Da na hana."

Akuyar maƙwabta tana ta kuka a lungu.

"Ya taɓa karanta miki ƙarshen?"

"Ya so ya karanta. Ina tsakiyar talge, na ce ya bari sai anjima."

"To maganar tuba fa? Wa ya fara ta?"

"Alhaji ya ce haka za a faɗa. Ya ce ya fi masa mutunci."

"Shi Nu'uman ɗin, da kuka zo ɗauka, mi ya yi?"

Ta ɗaga hannunta na hagu ta dunƙule shi a ƙirji, ta nuna mini.

"Haka ya riƙe. Hannun da ko cokali ba ya ɗauka. Alhaji ya kasa, sai ni na ɓamɓare yatsun."

Na tashi na lalubo takalmana a bakin ƙofa. Ta rako ni har tsakar gida, ta tsaya daga gefen murhu, inda simintin ya yi baƙi.

Nu'uman bai ƙone littafinsa ba. Ƙanensa ya zuba kananzir, matarsa ta kyasta ashana, shi kuma yana kwance a bakin ƙofar ɗaki yana kallo.