Warin Aidin

Yayata ba ta taɓa ganin fuskata ba, amma duk gidanmu ba wanda ya kai ta gane ƙaryata. Kwananta uku a duniya idanunta suka kumbura, suka cika da mugunya. Inna ta yi ta matsa mata nono a ciki, maƙwabta kowa ya kawo maganin kakarsa. Kafin a kai ta asibiti aikin gama ya gama.

Ni da na biyo bayanta sai na zama ungozoma. Ranar da aka koya mana ɗiga wa jarirai aidin na ido, wanda aka sassauta ƙarfinsa, ba irin na wanke rauni ba, sai da na shige banɗaki na sha kuka. Ɗigo ɗaya a kowane ido, abin da Yaya ta rasa ke nan.

Da Yaya ta yi aure ta samu ciki, cikin ya tsufa, sai ta hana ni sakat. Ba ta tambayar riga, ba ta tambayar zanen goyo. Kullum maganar ɗaya ce: "Ƙanwata, kwalbar nan tana nan dai ko?"

Ta haihu da hantsi, namiji, a ɗakin haihuwar asibitinmu mai gado huɗu da fanka mai ƙugi. Na goge masa ido da auduga, na ɗiga. Ya tsala ihu kamar an taka wutsiyar mage.

"Kin ɗiga?" in ji Yaya.

"Na ɗiga."

"Duka biyun?"

"Haba Yaya! Shekarata tara a aikin nan."

"Miƙo min shi."

Ta lalubi goshinsa, ta kai hanci ta sunsuni idon dama, ta sunsuni na hagu, ta daɗe a can. Sannan ta bi kuncinsa da yatsa har bakin kunne.

"Na hagun nan a kunci ya sauka," ta ce. "Hannunki rawa ya yi."

Gaskiyarta. Na gani sarai, na ce a raina ai wani abu ya shiga. Ni da nake yi wa ɗalibai faɗa kan wannan! Kunya ta rufe ni. Na karɓe shi, na dafa gwiwar hannu a kan gado, na buɗe fatar idon na sake ɗigawa. Ta sunsuna, ta rungume shi.

Rana ta uku na je gidanta. Na tarar da ita zaune bakin gado, shayinta ya huce, yaron a cinya. Mijinta ya ce tun safe take shafa masa ido tana jin ko ya kumbura, ta kuma ƙi yarda da bakin kowa.

Na wanke hannu na duba. Fari tas, babu ja, babu kwantsa.

"Lafiya lau, Yaya. Ga shi ma ya buɗe."

"Ya buɗe? Wa yake kallo?"

"Ke."

Ta gyara ɗankwalinta, ta share fuska da tafin hannu, ta ɗago kai.

"To matsa, kin tare masa haske," ta ce. "Bar shi ya kalle ni sosai. In ya yi baki, shi zai gaya min kamannina."