Shan Iskar Sarkin Noma

—shan iska ne, mene ne abin tambaya a ciki? Mutum ba zai fito da la'asar ya miƙe ƙafa ba sai an sa masa ido? A Sakkwato haka manya ke yi. Na'Allah ya gani da idonsa, shekarar da ya raka ɗansa Kalilu wurin aiki: ma'aikata masu takalmin fata, an tashi ofis, sai su faɗa cikin darbejiyoyin gwamnati da ke bakin gari, hannu a baya, suna tafe sannu a hankali kamar ba su da wurin zuwa. Kuma da gasken ba su da shi. Dariya ya yi musu a lokacin, har da riƙe ciki. Ƙato da ƙafafunsa biyu, ba gona za shi ba, ba kasuwa ba, ba gaisuwar mutuwa ba... To yau ga shi, shi ma ya waye. Ai ba laifi ba ne mutum ya waye da furfura.

Hannu a baya. Haka. Babbar riga ta sha shuni, hula ta ɗan karkata. Kada a yi sauri. Mai sauri nema yake yi, shi kuwa me ya ɓace masa?

Ga su can a gindin durumin ƙofar gari, dattawan unguwa, wuya ya yi tsawo, gwiwa ta fi cinya kauri. Wakili ne ke ɗaga hannu.

"Sarkin Noma, za a shan iska?"

"Za ni dai in miƙe ƙahwa. Likita yac ce in riƙa tahiya."

Wane likita? Rabonsa da asibiti tun... bai taɓa zuwa ba ma. Amma sun gyaɗa kai, an wuce wurin. Ya ji muryarsa da kunnensa, ta fita garau, ba rawa. Muryar mutumin da ya ci tuwo da rana. Wannan kam ya iya, Alhamdu lillahi.

Dajin ba nisa. Daga ƙofar Sabon Birni ta hanyar Gangara, kafin mutum ya gama tauna goro guda ya iso. Goro... wa ke maganar goro yanzu. A da inuwa ce tun daga bakin hanya, kalgo da sabara da aduwa, kurciyoyi suna ta surutunsu. Yanzu makiyaya sun sassare duk reshen da hannu ya kai, shanun kuma ba su rayu ba, ga ƙasusuwansu nan fari fat a ƙarƙashin gawon da aka yi wa aski dominsu. Damina ta zo ta leƙa ta koma. Wata ta zo, ko leƙen ba ta yi ba. Mutanen Nijar sun kwararo ta Burkusuma da tukwanensu a ka, sun kafa bukkoki a bayan kasuwa. Komai ya zama launin toka — komai, ban da anza.

Anza. Dube ta. Kore shar, ganye na sheƙi, sai ka ce ita kaɗai ake yi wa ruwa a ɓoye. Ba ta da kunya, ita dai. Ranar da hatsi ya mutu, ranar take ado.

A tsaye ake yi. Ba a duƙawa, mai duƙawa tsinta yake yi. Kana tafe, kana kallon sama kamar mai duban hadari, hannun dama ya zame daga baya, ya shafi reshe, ya dawo da 'ya'ya cike da tafi, ya faɗa babban aljihun ƙirji. Shi ke nan. Wa ya gani? Allah ya yi wa wanda ya fara ɗinka babbar riga rahama, ya san akwai ranar da aljihu zai rufa wa mutum asiri. A gida matarsa Mairama za ta ɓare, ta jiƙa ƙwayar a tukunyar da ke bayan gado, ta yi ta sauya ruwa kwana da kwanaki har ɗacin ya fita. Dilo ke nan, abincin shekarar yunwa. Ɗacin ba ya fita duka. Ƙarya ake yi, ba ya fita.

"Gidanmu ba a jiƙa dilo."

Baba Labbo, mahaifinsa, tun yana raye, a zaure, yana gyaran ƙotar kalmen noma, ko ɗago kai bai yi ba. Yunwar zamaninsu yake ba da labari, wadda aka tona gidan tururuwa ana neman tsaba. Gari duka ya ci dilo, in ji shi, har gidan sarauta, amma gidan Labbo hayaƙin gero ne ke tashi. Baba, ka faɗa sau nawa? Da shi aka yaye mu. To ka kwanta da daɗi, har yau ba wanda zai dafa littafi ya ce ya ga dilo a gidanka. Gani fa na ce. Abin da ba a gani ba...

Wani reshen. Hannu ya je, hannu ya dawo.

Rumbun yana nan tsaye a tsakar gida, ya fi katanga tsawo, bakinsa a liƙe da laka. Duk wanda ya bi ta lungu sai ya ɗaga kai ya dube shi. Ya ji su ta bayan katanga, mata masu zuwa rijiya: ai da sauran numfashi, Sarkin Noma bai buɗe babban rumbu ba tukuna, ranar da ruwa ya sauka akwai iri. To? Ya fita ya ce musu me? Ya ce ku zo ku ƙwanƙwasa ku ji, ganga ce? Ya ce irin ma an daka shi tun watan azumi, ranar da jikarsa Maijidda ta daina kuka don ba ta da ƙarfin yinsa? Ba don kansa yake yi ba. Don su ne. Gari ba ya zama babu rumbu ko ɗaya da ake kallo. In aka san na Na'Allah ya ƙare, gobe unguwa ta watse, kowa ya ɗaure tabarma ya nufi kudu. Shi ne ke riƙe da su, da laka da rufaffen baki. Don su ne... to, da ɗan don kansa. Kaɗan.

Mairama kuwa — kai, Allah ya ba shi mace. Kowace safiya sai ta zuba ƙaiƙayi a turmi ta yi ta lugude, har da tafa hannu tsakanin taɓarya da taɓarya, don maƙwabta su ji ana daka a gidan Sarkin Noma. Bai ce ta yi ba. Ba su taɓa maganar ba ma. Jiya ya ga ta dafa turmin ta daɗe a sunkuye, sai ya juya ya shiga gyaran igiyar da ba abin da ya same ta. Yana son matar nan, so irin wanda ba a faɗa, kuma ganin ƙashin wuyanta yana ci masa rai fiye da yunwar.

Ruwa na Allah, dami na ɗan Labbo! Haka makaɗa suka yi ta yi ranar da aka naɗa shi. Dammuna jere tun daga bakin gona har inda ido ya gaji, gangar noma na tashi, mata na guɗa, hakimi da kansa ya taka ƙasa ya zo. Wanda aka yi wa wannan kirarin ne zai je ya bi layin agaji? An kawo jar dawa daga ƙetaren teku, wadda aka ce can dabbobi ake zuba wa, ana rabo a ƙofar ofis. Ya ga Usmanu a layin. Usmanu mai garken da ƙurarsa ke rufe hanya, riƙe da ƙwarya, kai a ƙasa, yaron da bai kai ɗansa ba yana daka masa tsawa ya matsa baya. A'a. A kira sunansa a gaban jama'a, Na'Allah ɗan Labbo, matso ka tara? Komai lalacewar masa ta fi kashin shanu.

Kuma ba wai sakaci ya yi ba. A faɗi gaskiya. Rumbun nan, da a ce ya rufe shi tun farkon fari, da yau tuwo yake ci har da tanɗe hannu. Amma ta yaya? Kande ce ta fara zuwa, matar marigayi Illo abokinsa, ta durƙusa a zaure ta yi gaisuwa mai tsawo, ta kasa faɗin abin da ya kawo ta. Bai bari ta faɗa ba. Dami guda, a kai mata gida. Ba ya aunawa, mai awo ɗan kasuwa ne, shi da dami yake bayarwa. Bayanta wani, bayan wani wani... liman, wanzami, baƙin da ko sunansu bai tambaya ba. Ba wanda ya tsaya a ƙofar nan ya koma hannu biyu. Ko ɗaya. A rubuta masa wannan, in ana rubutawa. Da za a mayar da shi baya, haka zai sake yi, kuma da—

Me ya sami itatuwan nan suke juyawa?

Tsaya. Tsaya dai. Jiri ne, zai wuce. Tun kunun jiya da... kunu dai, sunansa kunu. Ƙafa, ke kuma? Yau za ki ba ni kunya? Gwiwa ɗaya a ƙasa. Ta biyu. Rigar shuni a cikin rairayi. Ba kowa, ko? Ba kowa. Sai ya ce salla yake yi in an gan shi, ai la'asar ce, ga gabas can... ko can.

Numfashi. A hankali.

Bai taɓa ganin anza daga ƙasa ba. Ashe haka gindinta yake, fari-fari, a murɗe. Mene ne wannan kuma? Kaba. An ɗaura igiyar kaba a gindin, can ƙasa inda mai tsayuwa ba zai gani ba. Alamar mai shi ce, kowa ya sani: in ka ga ɗauri a jikin itace, wani ya riga ka, ka wuce. Subhanallahi — duk kwanakin nan kayan wani yake ɗiba? Sarkin Noma, ɓarawon anza? Na wa ne, ya je ya...

Ƙulli biyu, da kunne guda a waje.

A'a.

Ƙulli biyu, kunne guda a waje, kamar na zomo, ka ja kunnen sau ɗaya igiya ta warware. Baba ne ya kama masa yatsu a bakin gona ya koya masa, ya ce ɗaurin gidanmu ke nan, ko a kasuwar garin Isa aka ga damin nan an san daga ina ya fito. Ba mai yin sa a ƙasar nan sai shi. Shi kuma bai ɗaura wannan ba. Yaushe? Shi da ba ya duƙawa?

Da rarrafe. Ba komai, da rarrafen. Ta gaba ma akwai. Ta gabanta... akwai. Wannan kabar ta bushe ta yi fari, ta kwana biyu. Wannan ɗanya ce. Wannan ƙullin ya ɗan karkace, hannun da bai saba ba ne, an kwance an sake. Ba hannu ɗaya ba ne ma. Duk layin da yake bi, tun daga bakin hanya har tsamiyar da yake juyawa.

Bayan tsamiyar fa? Bai taɓa wuce ta ba, me zai kai shi, aljihu kan cika kafin nan. Ya dafa, ya miƙe, ya leƙa.

Ƙarƙaf. An tsince su tas, har ɗanyun da ba su nuna ba, har ganyen an zage. Anza bayan anza, tsirara, iyakar ganinsa. Ga sawaye a rairayi, ƙanana, na mata, ba takalmi, sun yi hanya kamar ta awaki. Su zo daf da layinsa, su kauce. Su zo, su kauce. Mutanen da ke tona gidan tururuwa... sun bi ta gefen reshe mai nauyi da 'ya'ya, da yunwarsu, da goyonsu, sun kauce.

Kande? Ta kwance damin gidansa, ta san ƙullin. Liman ma ya kwance. Wanzami ma. Wa ye bai kwance ba a unguwar nan? Ko Mairama ce ta... a'a, Mairama ba za ta... to wa ya ce musu? Ko ba a faɗa ba? Ko turmin ne, ai mace ta san ƙarar ƙaiƙayi da ta gero. Matan rijiyar nan da ke ɗaga murya daidai katangarsa, akwai iri, akwai iri — wa suke gaya wa? Juna? Wakili da ɗaga hannunsa kullum, za a shan iska, fuska ba ko murmushi. Tun yaushe? Shi yana riƙe da gari. Shi ne ke riƙe da...

Baba, an gani.

Kunya ce wannan da ke cika masa ƙirji, ko mene ne? Kunya ya sani, zafi gare ta. Wannan har da wani abu mai kama da ranar gangar noma, kuma shi ya fi ciwo. Ba a taɓa yi wa wani Sarkin Noma irin wannan ba, gari guda ya taru ya yi maka ƙarya don kada hularka ta faɗi. Ba a taɓa ba.

Rana ta yi ƙasa. Aljihu ko rabi bai kai ba, tukunyar bayan gado tana jira, Maijidda tana jira. In ya tsinka, sadaka ya karɓa, da saninsa yanzu. In ya bari, su za su ga 'ya'yan sun kwana a reshe, su san ya sani, gobe kuma wa zai iya kallon wani? Kuma dole ta gindin durumin zai koma, ba wata hanya, Wakili zai ɗaga hannu ya ce an sha iska lahiya, shi kuma ya ce...

Ya ce me?

Ga reshen nan daidai fuskarsa, ya sunkuyo don nauyi. Hannun ya fito daga baya, a fili, ba kallon sama. Ya tsaya a tsakani. Ya gaji. Wallahi ya gaji da tsayuwa...