Jif Mai Ƙamshin Gasasshen Kifi

Shekara goma sha ɗaya maƙwabcina Nason Pitu ya kwashe yana harhaɗa jif guda ɗaya. Ba sayenta ya yi ba, tsinto ta ya yi gaɓa-gaɓa cikin tarkacen da sojojin Amurka suka bar mana a garinmu Munda na bakin teku bayan yaƙin duniya na biyu. Gangar jikin a gonar kwakwar kawunsa ya tono ta, sai da aka sare bishiyar da ta tsiro a tsakiyarta. Sitiyari nutso ya yi ya ɗauko a gindin tsohuwar gada. Giyabos kuwa wani masunci ne ya daɗe yana ɗaure kwalekwalensa da shi. Nason ya kankare tsatsa, ya yi walda, ya shafa koren fenti, har ran da injin ya yi tari sau uku ya tashi.

Abu ɗaya ya rage: ragar gaba, wadda ke kare lagireto. Ta zamanin yaƙi tsaga tara gare ta, ta bayan yaƙi bakwai, kuma Nason ya rantse mai bakwai ba za ta hau motarsa ba. Ya kuma san inda mai taran take. Tana kan murhun surukarsa, Iya Nuatali, a kanta take gasa kifi. Mahaifinta ne ya jawo ta daga daji tun tana yarinya.

Kowace Asabar a gidanta dangi suke cin abinci, ni ma nakan raɓa. Kowa idonsa na kan kifi, na Nason na kan abin da ke ƙarƙashin kifin, leɓensa na motsi yana ƙirga.

Na ce masa, "Tara ce dai, kamar makon jiya. Ka roƙe ta mana."

"Kai Lemuel, ka san abin da kake faɗa kuwa? Matar da ko sunanta ba na kamawa, in je in ce ta ba ni murhunta?"

Sai ya tura matarsa Rineta da sabon magashi mai ƙyalli da ya sayo a kanti. Bayan kwana biyu Rineta ta dawo da shi, wayar ta lanƙwashe.

"Ta ce kifi biyu ya zubar mata a toka. Ta ce in tambaye ka ko sauro ake gasawa da shi."

Nason bai karaya ba. Ya yanka rodi, ya auna tsagar daidai da ta asali, ya yi walda ta kwana uku. Wannan ma ta dawo. Iya ta ce kifin ɗanɗanon kwanon rufi yake yi, ta kuma ce mai son abu ya zo da ƙafarsa.

Ni ya ja na raka shi. Mun same ta tana kankare kwakwa a inuwa. Nason ya tsuguna can nesa, ya gaishe ta, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi aladunta, ya tambayi rogon gona, ya sake komawa kan ƙafar.

Iya ta ce, "Ƙafar nan dai tun ɗazu ta warke. Mijin Rineta, shekara goma sha ɗaya kana kallon murhuna kamar saurayi da budurwa. Ka zaci ban gani?"

"Iya, kayan tarihi ne."

"Ni ma kayan tarihi ce, wa ya taɓa shafa mini fenti?"

Na kasa riƙe dariya, Nason ya harare ni. Iya ta ajiye kwakwar ta yanke hukunci. Ragar za ta kwana shida a jikin mota, amma duk Asabar da safe za ta dawo kan wuta. Fenti kuwa ko ɗigo ba a yarda ba, ba za a ciyar da jikokinta guba ba. Sannan kujerar gaba tata ce duk ranar kasuwa.

Haka aka yi. Jif ta fito koriya shar, fuskarta baƙa ƙirin. Abin da ba wanda ya hango shi ne, da zarar inji ya yi zafi, sai man kifin shekara da shekaru ya fara narkewa. Fitar farko, kafin ya kai filin jirgi, karnuka takwas na bin sa. Ya wanke ragar da toka, ya wanke da lemun tsami, ya jiƙa ta a ruwan teku. A banza. Mata a kasuwa suka riƙa tsayar da shi suna tambaya ko da sauran na sayarwa.

Ana nan sai bikin tunawa da yaƙi ya zo, aka ce jif ɗin Nason ce za ta ja gaban jerin gwano, har da baƙi daga Ostireliya masu tara irin waɗannan motoci. Nason ya duba kalanda, ya zo gidana.

"Asabar ce."

Ya je wurin Iya ya tsuguna, ya roƙi arzikin Asabar ɗaya tak. Iya ta ce ba ta taɓa tsallake Asabar ba, ko ranar da ta haifi Rineta sai da aka gasa kifi. Amma ta ce murhu ai duwatsu uku ne, ko'ina akwai su.

Ranar biki Iya ta shiga gaban mota da rigarta ta zuwa coci, kwandon kifi a kan cinya, itace a baya. Masu busa suna biye, karnuka suna tsakanin mota da masu busa, na ƙirga goma sha huɗu. Iya na ɗaga wa mutane hannu tana ce wa Nason ya rage gudu, alhali tafiyar ko ta mai keke ba ta kai ba.

A filin taro wani dogon Bature mai farin gemu, sunansa Desmond, ya zagaya motar sau biyu. Ya leƙa ƙarƙashi, ya karanta lambar jikin inji, ya jinjina wa Nason. Da ya iso gaba sai ya durƙusa, ya ƙirga tsagar da yatsa, ya shinshina yatsan.

"Ta asali ce! Ban taɓa ganin wadda tsatsa ba ta ci ba kamar wannan. Da me kake shafe ta?"

Nason ya buɗe baki ke nan, Iya ta miƙo masa sifana.

"Rana ta take. Kwance mini abina."

A gaban baƙi da fasto da shugaban gari Nason ya kwance noti shida, ya ɗauki fuskar motarsa ya ɗora a kan duwatsu. Desmond ya dafe kai da ya ga wuta ta kama, ya yi ta cewa a dakata, a dakata. Ba wanda ya dakata. Iya ta jera kifi tara, kowanne a kan tsagarsa, ta yayyafa gishiri da ruwan kwakwa. Na farkon da ya gasu Desmond ta miƙa wa a ganyen ayaba. Ya cinye, ya suɗe yatsu, ya matso da ganyen a ƙara masa.

Da yamma ragar ba ta huce ba, ba ta ɗauruwa. Nason ya ce a jira, Iya ta ce aladunta ba su ci komai ba tun safe. Sai muka naɗe ta a ganye muka sa a baya, ni na zauna na tokare ta da ƙafa. Jif ta kama hanyar gida lagireto a waje, Iya na gyangyaɗi a kujerarta, Nason na tuƙi da hannu ɗaya yana cin kan kifin da ta rage masa.