Guzurin Mutum Uku

Kwana biyu kafin Malam Inuwa ya cika, ya kira ƴaƴansa gefen gado a gidansa na Madawa, ya bar musu wasiyyar da ba wanda ya gane kanta. Ya ce in an share makokinsa su je Deule wurin ƙanwarsa Biba, daga nan su taka da ƙafa har Maiƙoƙo, kufan kakanninsu da ke cikin duwatsu bayan Ibohamane. Kada su hau mota, kada su hau jaki.

"Ku yi guzurin mutum ukku," in ji shi.

Zakariya'u, babban ɗan, ya tambaye shi wa zai raka su. Tsohon ya juya fuska bango, bai sake tayar da zancen ba.

Zakariya'u malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shekara goma sha biyu yana koya wa yara labarin ƙasa. Ya san kowane kwari na Adar a kan taswira, amma ko kasuwa da babur yake zuwa. Ƙanwarsa Husna tela ce, wuni take a kan keke. A cikinsu ba wanda ya taɓa yin tafiyar yini guda a ƙasa, balle ta kwana huɗu. Duk da haka, da damina ta ja baya, kafin a koma lakwal, suka shiga shiri. Suka sayi jakunkunan goyo biyu wurin masu bosho, ƴan gwanjo, irin waɗanda ake ce wa sak, da takalman gudu, da sange, da bargo, da ƴar tukunya, da bidon uku, wato jarkokin ruwa. Zakariya'u ya rubuta komai a takarda yana bi yana sokewa. Ya cika buhu da makaroni da gwangwanin sardin da biskit da madarar gari.

Gwaggo Biba ta tarbe su a Deule da hantsi. Mace ce ƴar firit mai kaifin ido, ta haura sittin. Bayan sun sha fura sun huta, ta sa suka baje kayan a tsakar gida, ta riƙa zagaya su tana taɓawa da ɗan yatsan ƙafa.

"Wanga hwa?"

"Makaroni na, Gwaggo."

"Da wane ruwa za ku dahwa shi bisa fako? Da wane icce?" Ta ture shi gefe. Ta ɗaga gwangwanin sardin ta jinjina. "Wanga kau ƙishirwa ta anka rufe cikin kwano."

Husna ta yi dariya har da riƙe ciki. Zakariya'u ya ɗan ji haushi, ya miƙa mata takardar don ta ga ba da ka ya yi abin ba. Gwaggo ba ta karatun boko, sai Husna ta karanta mata. Da ta zo kan bidon uku, ƙoƙo uku, sai tsohuwar ta ɗaga hannu.

"Ku biyu na. Na ukkun na wa?"

"Haka Baba yac ce," in ji Zakariya'u. "Mun ɗauka ke za ki ba mu ɗan rakiya."

Gwaggo ta daɗe tana kallon bidon ɗin nan na uku. Sannan ta shiga ɗaki ta ja labule, ba ta fito ba sai da aka kira la'asar.

Kashegari ta ce musu takarda ba ta san nauyi ba. Su cika jakunkuna, su goya, su hau tudun da ke arewa da gari su dawo, kafaɗa za ta gaya musu abin da za su bari. Suka fita rana ta ɗaga. Tun kafin su wuce gonakin gero Zakariya'u ya fara jin madaurin jakar yana yanka shi, sabon takalmin kuma ya kama masa diddige. Suka hau tudun suna haki. A sama ba gona, ba gida, sai fako da baƙar tsakuwa iya ganin ido, da ƴan sabara nan da can.

Rana na tsaka suka hango wata aduwa ita kaɗai, suka nufe ta don su huta. Sai da suka zo gab suka ga da mutum a gindinta.

Saurayi ne da bai fi shekara ashirin ba, ya miƙe ƙafa ɗaya, ta kumbura har idon sawu ya ɓace. Taguwar saƙi ce a jikinsa, irin wadda Zakariya'u bai taɓa gani ba sai a tsofaffin hotuna. A kumatunsa akwai tsage, iri ɗaya sak da na mahaifinsu, alhali an daɗe da daina yi wa yara tsage a danginsu. Leɓunansa sun tsattsage sun yi fari, ga shi kuwa ƙarshen damina ne, kowane rami da ruwa kwance.

Suka yi sallama. Ya amsa da wata murya busasshiya.

"Ba ku gamu da Inuwa ba bisa hanya?"

Husna ta dubi wanta. Zakariya'u ya ce, "Wane Inuwa?"

"Wana. Yac ce in jira shi, za shi ɗebo ruwa shi dawo. Gumbar ma tana hannunai."

A lokacin ne Zakariya'u ya lura wurin ya yi tsit. Tun safe ƙudaje suke bin gumin wuyansa, yanzu babu ko ɗaya. Ba kukan tsuntsu, ba motsin ganye. Husna kuwa tausayi ya riga tsoro zuwa gare ta. Ta sauke jaka, ta kwance bidon ɗinta ta miƙa masa. Saurayin ya karɓa da hannu biyu, ya kafa kai. Zakariya'u yana kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, ya sha, ya sha, har aka gaji da jira. Da ya mayar da bidon ɗin, ruwan yana nan cike har wuya.

"Na gaji da zama," in ji saurayin. "Da can ina jin shi nesa, na san yana nan. Kwanakin ga na ji shiru. Shi as sa nit taso."

"Mi sunanka?" Zakariya'u ya tambaya.

"Arzika. Na Maiƙoƙo."

Zakariya'u ya kama hannun ƙanwarsa suka juya. Ba su yi gudu ba, nauyin jakunkuna ba zai bari ba. Da suka kai bakin gangara ya kasa daurewa ya waiwaya. Gindin aduwar ba kowa. Saurayin yana tsaye a kan turbar da suka biyo, hannuwansa a sake, yana kallon rufin gidajen Deule.

Gwaggo Biba tana tsince gero a faifai suka shigo. Ta saurare su har ƙarshe ba ta katse su ba, sai dai hannunta ya daina motsi. Da Husna ta ambaci sunan, ta ajiye faifan a ƙasa a hankali.

"Har ya iso nan," ta ce.

Sannan ta ba su labari. Shekarar babban fari, shekara hamsin ke nan, rijiyar Maiƙoƙo ta ƙafe, gari ya watse. Ita tana ƙarama, aka ɗora ta a jaki ita da uwarsu aka yi gaba. Inuwa da ƙanensa Arzika su ne na ƙarshen fita, da gora ɗaya da curin gumba ɗaya. A yini na biyu ƙafar Arzika ta kumbura, ya kasa takawa. Inuwa ya zaunar da shi gindin icce, ya ɗauki gorar da gumbar ya tafi neman ruwa. Ya samu ruwan bayan yini guda. Ya sha, yunwa ta ci ƙarfinsa, ya cinye gumbar duka. Da ya dubi hanyar komawa sai ƙafafunsa suka ƙi. Ya iso Deule shi kaɗai, ya ce wa uwarsu Arzika ya samu babbar mota ya yi kudu ci-rani.

"Inna har ta koma ga Allah, in taj ji ƙarar mota sai ta leƙa," in ji Gwaggo. "Ni ma sai da Yaya yad dawo Makka yah hwaɗa mini, yas sa ni rantsuwa."

Zakariya'u ya miƙe tsaye. Mahaifinsa ke nan, mutumin da ba ya iya cin tuwo in bai leƙa waje ya ga ko akwai baƙo ba. Ya ce shi kam ya fasa, gobe da safe Madawa za shi. A tara malamai a yi sadaka, ya wadatar.

"Yaya, ka ga inda yat tsaya," in ji Husna. "Kwana biyu ga Deule anka bar shi, yau ga shi bakin gari. In munka koma Madawa, kana tsammanin ina za shi?"



"Gida za ku kai shi," in ji Gwaggo. "Ba ya gane hanya shi ɗai. Ku shiga gaba, shi biyo ku."

Yinin da ya biyo baya duk a shiri ya ƙare, amma ba irin na farko ba. Gwaggo ta surfa gero ta wanke, ta daka shi da dabino da cuku da ɗan yaji, ta yi tukuɗi, abincin matafiya da ba ya son wuta, sai dai a gutsura a dama da ruwa. Ta cura shi gida uku. Biyu ta ɗaure a leda, na ukun ta ce ba ya sanin leda, ta naɗe shi a farin ƙyalle. Ta haɗa musu ƙuli-ƙuli da kilishi kaɗan. Husna ta yanka tsohon buhu ta ɗinke bidon ɗin a ciki, don in an jiƙa ruwan ya yi sanyi, ta kuma yi wa madaurin jakunkuna matashi da tsumma. Tukunya da makaroni da gwangwanaye duk aka tura su ƙarƙashin gado. Zakariya'u ya zauna yana murza diddigen takalminsa da man shanu. Duk sanda ya ɗaga kai sai idonsa ya tafi ƙofar gida. Awakin Gwaggo, da kullum suke kwana bakin zaure, ranar nan sun taru a lungun rumbu sun ƙi fita kiwo.

"Duk inda kunka zauna cin abinci, ku dama nashi ku aje bisa dutse," in ji Gwaggo. "Kada ku waiwaya. Kada ku yi sauri, ƙahwatai ba ta da lahiya. Gidanmu gidan Anna na da can, masu bautar iskoki, ubanmu da ya san abin da za shi yi. Ni salla kawai nis sani, ita zan ta yi muku."

Bidon na uku da ƙunshin ƙyallen a jakar Zakariya'u aka sa. Shi ya ce a sa masa.

Suka fita bayan sallar asuba, gari ya waye. Cikin gonaki ba su ji komai ba. Da suka hau fako, tsakuwa ta fara ƙara a ƙarƙashin takalmansu, sai ga wani sawun a bayansu, taku ɗaya mai ƙarfi, ɗaya ana ja. In sun tsaya ya tsaya. Husna ta fara karanta duk surar da ta zo bakinta. Zakariya'u ya kafa idonsa a ƙasa, wuyansa ya sandare don ƙoƙarin kada ya juya.

Haka suka yi kwana huɗu. Ƙafafunsu suka yi bororo suka fashe. Sau biyu Zakariya'u ya ɓatar da su duk da taswirar da ke wayarsa, kuma duk sau biyun sawun ya ƙi biyo su, ya tsaya a mararraba har suka dawo suka ɗauki ɗaya hanyar. Suna dama tukuɗin ƙyalle su ajiye ƙoƙon a kan dutse, su ba shi baya su ci nasu. In Husna ta miƙa hannu ta baya ta jawo ƙoƙon, sai ta same shi a suɗe tas. Wani makiyayi da suka gamu da shi a kwarin Ibohamane ya gaishe su, ya ɗan leƙa bayansu, sai ya kaɗa tumakinsa ya bar hanyar ba tare da ya jira amsa ba.

Rana ta huɗu da la'asar suka iso Maiƙoƙo. Ba abin da ya rage sai da'irorin duwatsu inda ɗakuna suka taɓa tsayawa, da bakin rijiya da yashi ya cike. Suka tsaya a tsakiyar kufan. Sawun ya matso har Zakariya'u ya ji sanyi a ƙeyarsa.

Bai shirya abin da zai faɗa ba. Ya ji bakinsa yana cewa, "Baba Arzika, Inuwa ya rasu. Mu ɗiyanai na. Ya samu ruwan, bai dawo ba. Bai manta ba ko yini ɗaya. Ka yahe mishi."

Can sai sawun ya ratsa ta tsakaninsu, ya wuce gaba a hankali. Suna kallon tsakuwa tana motsi ba kowa a kanta, har bakin wata da'ira ta gefen gabas. Nan suka ji ajiyar zuciya irin ta wanda ya sauke kaya ya zauna. Bayan ɗan lokaci wata kurciya ta fara kuka a kan magarya.

Suka yi salla a wurin, suka yi addu'a, suka gangara Ibohamane. Motar kasuwa ta kai su Tamaske, daga can suka yi ta canjin mota har Deule.

Gwaggo Biba ba ta tambaye su komai ba sai da suka wanke ƙafafu suka ci abinci. Da suka gama ba ta labari, ta tashi ta yi wanka, ta sa baƙin zane, ta shimfiɗa tabarmi a zaure, ta aika a gaya wa liman da maƙwabta cewa wanta Arzika ya rasu. Mutane suka yi ta shigowa gaisuwa, yawancinsu ba su taɓa jin sunan ba. Zakariya'u ya zauna a wajen maza, ƙafafunsa naɗe da tsumma, yana amsa ta'aziyya har kwana uku. Wani dattijo ya tambaye shi ko marigayin ya yi jinya.

"Ya daɗe yana jin jiki," in ji Zakariya'u. Dattijon ya ɗaga hannu, aka shafa fatiha.