Firintar Baba Akawu

"Kar ki ja wannan igiyar, 'yata, ita ce ranta," in ji Baba Akawu.

Malama na durƙushe a ƙarƙashin teburinsa, ƙura har hanci, tana laluben bayan tsohuwar kwamfutarsa. Abar ta girmi rabin yaran gidan. In an kunna ta sai ta yi nishi, ta yi tari, kafin ta buɗe ido.

"Baba, wannan ai sa'arka ce. Ku biyun hutu ya kamace ku."

"Da tsohuwar zuma ake magani. Ke dai ki haɗa."

Shi ya kawo shawarar. Gidan haya ne mai ɗakuna jere, kuma duk mai son buga takarda sai ya fita har bakin titi. Malama kwamfuta take koyarwa a sakandare, don haka aikin bai ba ta wuya ba. Ta haɗa firintarsa da kwamfutar, ta haɗa kwamfutar da akwatin intanet na gidan, ta bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya tana saita musu wayoyi. Kowa ya tura daga ɗakinsa, takarda ta fito a ɗakin Baba. Da shafin gwaji ya fito, tsohon ya riƙe shi da hannu biyu yana ta washe baki.

Ɗakin da ba a shiga sai gaisuwar safe ya zama kasuwa. Tela ya zo karɓar hoton ɗinki, nas ta zo karɓar jadawalin aikinta, ɗalibai kuwa ba a magana. Shi kuma Baba, da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan tafireta, ba ya miƙa takarda sai ya karanta.

"Wa ya koya maka wasiƙa ba sakin layi? Zauna."

Wanda ya zo karɓar shafi ɗaya sai shayinsa ya huce a gida. Ana ƙorafi, ana dariya, ana komawa. Matar Baba ta daɗe da rasuwa, 'yarsa tilo tana aure a nesa.

Sai ciwo ya zo masa. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa gardama, nas ta ce hutu yake bukata. Wata rana da azahar Malama ta tarar da tela yana bubbuga ƙofa, tsohon ya taso daga barci yana dafa bango. Ranta ya ɓaci. Ita kuwa Malama in ta ga abu ya karkace ba ta jiran a sa ta.

"Baba, zan fitar da firintar baranda, ka samu barci."

"Ai ba ta dame ni ba."

"Kai dai ba ka iya cewa a'a ba."

Ya dubi teburin. "Ƙura za ta shige ta."

"Zan rufe ta da zane."

Can ya ce, "To, Allah ya yi albarka."

Kafin la'asar ta kwashe komai ta jera a baranda, dab da ƙofarsa. Kowa ya yaba mata. Aka riƙa wucewa a hankali, ana rage murya, ana tsawata wa yara. Da safe a leƙa a ce, "Baba, ya jiki?" ya ce, "Da sauƙi," a ja masa ƙofa. Babu wanda ya yi don mugunta.

Nas ce ta same shi, ranar da ta kai masa magani da yamma. Yana zaune a kujerarsa, kai a sunkuye, jiki har ya yi sanyi. Malama ta yi kuka kamar ubanta ne, don dama haka ta ɗauke shi.

Bayan an yi jana'iza, 'yarsa ta roƙe ta ta taya ta haɗa kaya. Suna ninke riguna 'yar ta ce, "Na gode muku, yaya. Da, in na kira shi, sai ya yi ta lissafo mini baƙinsa, har in ce Baba katina zai ƙare. Kwanan nan ya daina. Na ce ina baƙin naka? Ya ce suna nan, ina jin tafiyarsu."

'Yar ta fita neman kwali.

Sai yanzu Malama ta lura kujerar Baba ba ta bakin taga, inda ta santa. An jawo ta har bayan ƙofa, ƙafafunta sun bar zane a siminti. Malama ta zauna a kai.

A baranda firintar ta motsa, ta ja takarda. Takun silifas ya taso daga ƙarshen gida, ya matso, ya tsaya dab da ƙofar. Takarda ta yi ƙara. Sai takun ya juya, a hankali, yana nisa.