Tambayar Malam Ƙa'ida

Malam Ƙa'ida ya ɗora yatsa a kan layin ya sake karantawa, karo na huɗu ke nan tun shekaranjiya. Rubutun hannunsa ne, a shafi na sittin da uku na babban littafin ɗakin gwaji: "An canza wayar ma'aunin zafi ta gefen wuta. Sabuwar tana ƙara digiri biyu. Duk mai awo ya rage." Ga kwanan wata, ga sa hannu. Ya yagi gefen wata takarda ya saƙala a wurin, ya rufe littafin.

Dokar sashen fiziks ce, wanda ya taɓa na'ura ya rubuta, wanda zai yi awo ya fara karantawa. Shi ya kafa ta shekara goma sha biyar da suka wuce, kuma saboda irin waɗannan dokoki nasa ɗalibai suka laƙaba masa sunan da ya bi shi har gida. Auta kuwa bai karanta ba.

Auta ƙanin matarsa ne. A gidansa ya zauna ya yi digirin farko, Malam Ƙa'ida ne ya koya masa riƙon ma'auni, shi ya tsaya masa har aka ɗauke shi aiki. Yau ga shi da ofis daura da nasa. Malam Ƙa'ida abu ɗaya ya sani a duniya, yadda zafi ke ratsa abu, kuma a kansa ya ƙarar da gashin kansa. Auta kuwa babu inda ba ya sa hannu. Yana kiwon tattabaru, yana gyaran tsofaffin agogai, yana buga ƙwallo da ɗalibai. Ya haɗa madubin hangen taurari da bututun ruwa, ranar Asabar kuma yana shiga rediyo yana bayyana wa jama'a dalilin da ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa. 'Ya'yan Malam Ƙa'ida da kansu, in aikin makaranta ya gagare su, Kawu suke kira, alhali ubansu yana zaune a falo.

To wannan mutumin ne zai tsaya gaban sashe da ƙarfe biyu ya ce ya gano bulo mai gaurayen garin katako da ke tare zafi fiye da na kullum nesa ba kusa ba. Bulon kullum ya auna shi da tsohuwar waya, sabon bulon da sabuwa. Fiye da rabin abin mamakin digiri biyun nan ne.

Ƙofa ta buɗe ba sallama sai daga baya. Auta ne, da fulas ɗin shayi a hammata da gashin tattabara a kafaɗar riga.

"Ranka ya daɗe, mijin Anti! Tun da safe ana gadin na'urori? Ba mai sace su, Yaya, sun girme ni."

"Kakkaɓe kafaɗarka. Nan ɗakin gwaji ne, ba akurki ba."

"Farar nan ce ta ƙyanƙyashe, biyu ras. Na so in sa wa ɗaya sunanka, sai na ga ba ta ɗaure fuska." Ya tsiyaya shayi a murfin fulas ya miƙa masa. "Yaya, ka duba takardun da na bar maka? Ka ga wani abu?"

Littafin yana ƙarƙashin gwiwar hannun Malam Ƙa'ida. Abin da ake bukata bai wuce ya tura shi gaba ya ce buɗe inda na sa alama ba. Akwai awa biyar kafin taro, mai kai irin na Auta awa ɗaya ta ishe shi ya gyara lissafinsa.

"Zanen ya fito da kyau," in ji Malam Ƙa'ida.

"Daga bakinka? Yau sai na yi sadaka." Auta ya yi dariya ya fita yana fito.

Malam Ƙa'ida bai taɓa yin ƙarya a kan awo ba, kuma yanzun ma bai yi ba. Da wannan ya riƙa lallashin kansa. Ya ce ai doka doka ce, wanda bai karanta ba shi ya jawo wa kansa. Ya ce gyaran da aka yi wa mutum a ɓoye ba ya zama a kai. Duk ya faɗa wa zuciyarsa, ita kuwa ta san ba tarbiyya yake nema ba. So yake sau ɗaya tak ya ga bakin nan mai zuba ya rasa abin faɗa a gaban mutane.

Ya shiga aji da ƙarfe goma. Yana rubutu a allo ya ji wata ɗaliba tana raɗa wa ƙawarta cewa za ta je taron da wuri don ta sami kujerar gaba. Shekara ashirin yana gabatar da nasa binciken, bai taɓa ganin an yi rububin kujera ba. Allin ya karye a hannunsa.

Da azahar uwargidansa ta kira.

"Baban yara, ka ci abin da na sa maka?"

"Zan ci."

"Yaron nan fa tun asuba yake kirana, wai gabansa faɗuwa yake. Kar ka ga yana wasa, tsoro ne fal cikinsa. Ya ce in dai kana zaune a wurin hankalinsa kwance. Don Allah ka tsaya masa."

"Yaro? Mutumin da gari duk ya san muryarsa?"

"A wurinka dai ai yaro ne."

Ya ajiye wayar. Ya ɗauki littafin ya fito baranda, har ya kai ƙofar ofishin Auta. Daga ciki ya jiyo dariya. Farfesa ne, shugaban sashe, ya kawo agogon mahaifinsa da ya shekara goma a tsaye, ga shi yana bugawa a tafin hannunsa.

"Kai dai Allah ya yi maka baiwa," Farfesa yake cewa. "Irinku sashen nan yake bukata, masu jini a jika."

Malam Ƙa'ida ya juya da littafinsa.

Zauren ya cika har da na tsaye. Auta ya yi bayani minti arba'in ba tare da duba takarda ba. Ya zagaya da bulo biyu hannu hannu, ya ba su dariya, ya nuna zanen da layi ɗaya ya yi sama ya bar ɗaya a ƙasa. Ya ce in abin ya tabbata, mai ƙaramin ƙarfi zai kwana a ɗaki mai sanyi ba tare da fanka ba. Aka tafa. Farfesa ya ce gobe za a tura wa mujalla, sannan ya tambaya ko akwai mai magana.

Malam Ƙa'ida ya miƙe. Bai ɗaga murya ba.

"Wane wata ka auna bulon kullum?"

"Watan uku, Yaya."

"Sabon fa?"

"Watan biyar."

"Ka karanta wa jama'a wannan."

Littafin ya bi hannaye har gaba. Auta ya buɗe inda takardar take, ya karanta a zuci, sannan ya karanta a fili. Muryarsa ta sauka a kan kalmar ƙarshe.  Malam Ƙa'ida ya zuba masa ido. Ga abin da ya kwana biyu yana jira: Auta tsaye gaban jama'a da kuskurensa a hannu. Ya jira daɗin ya zo. Ya zo ɗan kaɗan, bai kai yadda ya zata ba.

Auta ya ɗauki alli. Ya rage biyu daga kowane awon sabon bulon, layi bayan layi, a gaban kowa, ya sake zana layin da hannu. Tazarar ta tsuke ta koma 'yar siririya.

"Jama'a, bulona ya rame," ya ce. "Yana tare zafi, amma ba kamar yadda na cika muku baki ba. Laifina ne, ban karanta littafi ba. Da wannan ya fita duniya, da na shiga uku. Ku taya ni gode wa Yaya."

Tafin da aka yi ya fi na farko. Farfesa ya miƙe ya ce a shekarunsa bai taɓa ganin malamin da ya karɓi gyara da kyau irin haka ba, ɗalibai su yi koyi. Ya ƙara da cewa in an sake awon, a sa sunan Malam Ƙa'ida a takardar, na biyu.

Da aka watse, su biyu suka rage. Auta yana goge allo, bai juyo ba.

"Yaya, yaushe ka gani?"

Malam Ƙa'ida yana iya cewa yanzu ya gani. Amma takardar alamar tana leƙowa daga littafin, kuma shi bai saba da ƙarya ba.

"Shekaranjiya."

Hannun Auta ya tsaya a kan allon.

"Shekaranjiya a gidanka na ci abincin rana. Yau da safe kuma na tambaye ka."

"Doka ta ce..."

"Na san abin da doka ta ce." Ya ƙarasa gogewa, ya kakkaɓe hannu, ya tattara bulonsa biyu. A bakin ƙofa ya tsaya. "Anti ba za ta ji daga bakina ba."

Malam Ƙa'ida ya isa gida kafin magariba. Tun daga ƙofa uwargidan ta tare shi, ta karɓi jakarsa, abin da ta daɗe ba ta yi ba. An shimfiɗa ledar cin abinci, an fito da farantan baƙi.

"Auta ya kira ni," ta ce, idonta ya ciko. "Ya ce ba don kai ba da yau ya kunyata a idon duniya. Ya ce duk zauren nan kai kaɗai ka lura. Na ce masa ai ka san yayanka, ba zai taɓa bari ka faɗi ba." Ta juya wajen yaran. "Ku zo ku gaida babanku. Kun ji Kawunku da kansa yana cewa wajensa ya koyi komai."

Yaran suka zo suka zauna kusa da shi, ƙaramar har da jingina da kafaɗarsa. Ta zuba masa abinci ta ƙara, ta tura masa farantin.

"Ba mu labari mana. Yaya aka yi ka gano?"

Ya dubi farantin, ya dubi fuskokin da ke jiransa.

"A rubuce yake," ya ce. Ya ɗauki cokali.