Ranar da Muka Kwashe Kayan Madina

Ni na kwashe kayan da hannuna, don haka kada wani ya ba ku labarin ya ɗora wa Musbahu ko mahaifiyarsa laifin duka. Sunana Safiyatu, ina tuyar waina a bakin layinmu a Sabo, unguwar Hausawa nan Badun. Madina ƙanwata ce, kuma tun rasuwar mahaifiyarmu ni ce uwarta, ni ce mai yi mata faɗa.

Su biyun ɗalibai ne lokacin da aka ɗaura auren. Ita tana shekarar ƙarshe a wata makarantar koyon aikin jinya can bayan Olodo, gabas da gari. Shi kuma yana karatun noma a Apata, can yamma. Aka kai ta ɗaki a gidan su Musbahu, mutane na cewa an dace, ai Sabo ce tsakiya. Masu faɗin haka ba su taɓa wuce shataletalen Mokola da sassafe ba.

Shi tafiyarsa da sauƙi, mota biyu ce, kuma sai tara ake fara musu darasi. Madina kuwa daga Mokola sai Gate, daga Gate sai Iwo Road, daga nan ta sake neman ta Olodo, ta ƙarasa da okada, wato acaɓa. Ƙarfe bakwai ake rufe ƙofar makarantarsu. Wadda ta makara sau uku ba za ta zauna jarrabawar ƙarshe ba, sai ta maimaita shekara. Tana sallame sallar asuba take fita, ko shayi ba ta sha, sai dai in cusa mata waina a leda tana wucewa. Duk da haka cunkoson Iwo Road ya kama ta sau biyu cikin wata guda.

Ranar ta biyun ta zo ta zauna a kan bencina da farin kayanta, ta ɓoye fuska. Ta ce, "Yaya, saura ɗaya. Wallahi ina hango ƙofar mai gadi ya ja ta. Na roƙe shi da Turanci da Yarabanci, abeg, ẹ jọ̀ọ́, ko kallona bai yi ba."

Na ci gaba da juya waina har ta ƙone.

Musbahu yaron kirki ne, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Sai dai irin mutanen nan ne da ba sa shan ruwa sai sun auna kofin. Ya yago takarda, ya ja layi uku: sunan unguwa, mintunan Madina, mintunansa. Kowace Asabar sai su fita neman ɗaki, ni ina biye da su don kada dillalan gidaje su raina musu hankali. A Bodija kuɗin haya ya kore mu tun daga bakin ƙofa. A Gate ɗakin yana saman shagon mai niƙa, muna magana bango na rawa. A Basorun mai gidan ya dubi hijabin Madina ya dubi nawa, ya ce ya tuna ɗan'uwansa ya riga ya kama. A Iwo Road kuwa taga na kallon tasha, 'yan kamasho na kiran fasinja kamar a cikin kunnenka. Kowane wuri Musbahu sai ya ciro takardarsa ya rubuta, Madina na tsokanarsa wai ko miya aka zuba masa sai ya ƙirga wake.

A Monatan muka dace. Ɗaki ne da ɗan falo a gidan wata tsohuwa Bayarabiya, akwai rijiya a tsakar gida, masallaci na bayan katanga. Minti ashirin zuwa makarantar Madina, ba ruwanta da Iwo Road. Shi kuma sai ya ratsa Badun kaf, kusan awa biyu, kafin ya kai Apata. Madina ta ce a'a, wahalar ta yi masa yawa.

Ya ce, "Ni ba wanda ke rufe mini ƙofa. In dai zan dawo in same ki a gida, hanya ba komai ba ce."

Tsohuwar ta ba su makulli biyu a zare ɗaya. A mota muna dawowa suka raba, kowa ya ɗauki nasa, suna dariya kamar an ba su Badun ɗin kyauta.

Saura abu ɗaya, a sanar da Hajiya Amatullahi, mahaifiyar Musbahu. Ga inda gizo ke saƙa: Musbahu ɗan farinta ne. Hajiya kuwa 'yar Katsina ce ta asali, shekara talatin a Sabo ba su rage mata kunyar ɗan fari ko ƙwayar zarra ba. Ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "wancan". Ba ta zama su yi hira. In ya shigo gaishe ta, tana kallon bango take amsawa. Tun yana yaro duk maganar da ke tsakaninsu ta bakin ƙanen mahaifinsa take bi, Baba Haladu, mai fataucin albasa. Tun da mahaifin ya rasu kuwa abin ya ƙaru. Don haka Musbahu ya je ya zayyana wa Baba Haladu komai, Baba Haladu ya ce an gama, yau ɗin nan zai same ta. Da la'asar aka yi masa waya cewa motarsa ta lalace da kaya a hanyar Aliero. Ya saɓa jaka ya tafi, maganar ta tafi tare da shi.

Mu duk ba mu sani ba. Musbahu ya ga Hajiya ba ta ce komai ba, ya ɗauka ta amince, tun da dama ba ta cewa komai.

Ranar Alhamis da hantsi wani direba da muka sani, Jatau, ya aiko cewa ya sauke kaya a Kasuwar Bodija, motarsa ba kowa har azahar, in muna so. Madina na makaranta, Musbahu na Apata. Na ce wannan ai sauƙi ne Allah ya kawo. Na rufe kaskona, na ɗauko Gwaggo Iya, ƙanwar mahaifinmu, muka nufi gidan. Hajiya ta tafi suna a layin baya. Abin da ya kamata shi ne in zauna in jira ta, in durƙusa in ce mun zo ɗaukar kaya, ta sa albarka. Na san haka sarai. Amma Jatau na ta danna oda a waje, ni kuma na ɗauka ta riga ta sani, sai na ce bari mu fara, in ta dawo ma gaisa.

Ni da aka haifa a Sabo, ko kaɗan ban tsaya na yi tunanin yadda abin zai kasance a idon mutane ba. Yayar amarya da gwaggonta, ba miji ba mata, suna fito da kwanuka da katifa, suna kwance gado. A wurinmu wannan ma'anarsa ɗaya ce tak, aure ya mutu. Ga shi kuma ƙafar durowa ta danne mini yatsa, na haɗe rai, ba na amsa wa kowa. Matan layi suka fara fitowa suna tsayawa a bakin ƙofofinsu. Ba wadda ta tambaye mu, don ba a tambayar mai kwasar kaya. Kafin mu ɗora gadon, labari ya kai masallaci ya kai Mokola ya dawo.

A wurin suna aka faɗa wa Hajiya, a gaban mata sun fi arba'in. Ta taho ko takalmi ɗaya ba nata ba ne, mata na biye da ita suna salati. Ta tsaya ta dubi motar, ta dube ni.

"Safiyatu, me aka yi mata? Yarinyar da ko tsintsiya ban taɓa sa ta ɗauka ba? Har a yi saki a gidana, sai a bakin duniya zan ji?"

Na buɗe baki ke nan sai ga Musbahu a kan okada, wani ya kira shi a waya. Ya sauko yana haki, ya ga taron, ya rikice. Da ƙarfi ya yi maganar, don kowa ya ji.

"Wane irin saki? Ba saki ba ne! Tashi za mu yi, mun kama ɗaki a Monatan. Baba Haladu bai faɗa ba?"

Ya so ya kashe wuta ne, sai ya zuba mata kalanzir. Yanzu Sabo duka ta ji, a daidai lokacin da ita ma ta ji, cewa ɗanta zai bar gidan ubansa, ya nemi ɗaki, ya karɓi makulli, dangin matarsa sun shigo sun kwashe kaya ba sallama, ita kaɗai ce ba ta sani ba. Wata ta ce "ikon Allah" a hankali, wata ta yi tsaki.

Sai Hajiya ta juya ta dube shi ido cikin ido, abin da ba a taɓa gani ba.

"Musbahu."

Shekararsa ashirin da bakwai, ranar ya fara jin sunansa a bakinta.

"Musbahu, in ka kwana a wani gida ba wannan ba ina raye, ban yafe maka ba."

Ta shige ɗakinta ta ja ƙofa. Musbahu ya zauna a kan dandamalin ƙofar gida, hularsa a hannu. Jatau ya kashe mota, ya fito ya tambaye ni a hankali, a sauke ne ko a tafi. Gwaggo Iya na ta kuka tana cewa mu muka ja.

Haka muka zauna, rabin kaya a mota rabi a ɗaki, har Madina ta dawo bayan azahar. Na tare ta a bakin layi na faɗa mata komai, ban rage laifina ba. Ba ta yi kuka ba, ni da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta je ta tsaya a gaban mijinta, ya kasa ɗago kai.

Ya ce, "Kin san ba zan iya tsallake maganarta ba."

Ta ce, "Na sani. Ni ma ba zan so ka tsallake ba."

"To a mayar da kayan, mu ci gaba da lallaɓawa daga nan."

"Saura ɗaya fa," in ji ta. "Wata biyar ina fita ina addu'ar kada tirela ta faɗi a Iwo Road? Ba zan kai ba."

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Can Madina ta ce wa Jatau ya sauke gado da durowa da kwanuka, a mayar da komai inda yake, kada a ce ta fita daga gidan miji. Ta ɗauki tabarma, da risho, da tukunya ɗaya, da fararen kayanta. A keke mai ƙafa uku muka tafi Monatan ni da ita, motar Jatau ta koma Bodija ba komai.

Baba Haladu ya dawo bayan kwana huɗu, ya yi ta dukan ƙirji yana cewa shi ne sila. Malamin zawiyar layinmu ya aika wa Hajiya cewa abin ba wuya, ta kira yaron ta ce ta yafe, shi ke nan. Ni ma na je na durƙusa, na ba ta haƙuri har goshina ya taɓa ƙasa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in tashi.

Ta ce, "Safiyatu, ban kai ɗaki ba na yi nadama. Amma magana zarar bunu ce. Sau ɗaya na kira sunan yaron nan, a gaban jama'a, kuma da mugun baki. Har yau ban iya fita ko zuwa gidan suna ba. Yanzu ki ce in sake zaunar da shi in dube shi? Na gwada, wallahi na gwada. In na ji takunsa sai harshena ya ƙi."

Na ce to ta aika Baba Haladu. Ta girgiza kai, ta ce abin da baki ya ɗaure, aike ba ya kwancewa. Daga nan ta miƙo mini ƙullin dambun nama da yaji, ta ce in kai wa Madina, kada in ce daga ina. Duk Litinin haka take yi har yanzu.

Madina ba ta sake makara ba. Ranar Juma'a da yamma take dawowa Sabo, Lahadi ta koma, in ba a sa ta aikin asibiti a ƙarshen mako ba, kuma yawanci ana sa ta. Shi kuma Musbahu ya gano cewa kwana aka hana shi, ba a hana shi zuwa ba. Ƙarfe huɗu yake tashi a Apata, ya ratsa gari a lokacin da kowa ke kan hanya, ya isa Monatan dab da magariba. Ya buɗe da makullinsa ko da tana ciki, ya sha ruwa, su yi sallah, sannan ya miƙe don ya samu motar Mokola.

Wata Laraba na kai saƙon Hajiya a makare, na same shi yana ɗaura takalmi. Madina na tsaye da kwanon abinci, ko buɗewa bai samu yi ba. Da ya ciro kuɗin mota takardar nan ta faɗo daga aljihunsa, ta yi laushi don ninkewa. Na tsinta zan miƙa masa, idona ya sauka a kai. Duk unguwannin suna nan da mintunansu, Bodija, Gate, Basorun, Iwo Road. A ƙasa ya ƙara layi biyu da sabon biro. Apata zuwa Monatan, awa biyu da kwata. Monatan zuwa Sabo, awa ɗaya. A gefe, inda babu layi, ya rubuta: zama da Madina, minti ashirin da biyar.

Na ninke na ba shi, ya sa a aljihu ya fita. Madina ta bi shi da kwanon har bakin ƙofa, sannan ta dawo da shi a rufe.